Gwaggon Marasa Gwaggo

Ranar Talata da hantsi Allah Ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Nasa muke, wurinsa za mu koma. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Kafin la'asar kuwa gidanmu na cikin birni ya cika maƙil da matan da ba mu taɓa gani ba.

Mu dai mun shimfiɗa tabarmi daidai dangi da maƙwabta, sai da aka shiga gida uku aro. Mata suka yi ta ɓullowa daga Kusfa, daga Ƙofar Gayan, har daga ƙauyukan bayan Kufena, kusan kowacce da goyo a bayanta. Kowacce ta durƙusa gaban Inna, mahaifiyata, ta ce, “Ashe Gwaggonmu lokaci ya yi.” Wata ma ba ta iya ƙarasa gaisuwar ba, ta kifa kai jikin ƙyauren ɗakin marigayiyar tana kuka, goyonta yana taya ta. Inna ta amsa gaisuwa har murya ta dushe. Can ta jawo hannuna ta raɗa min, “Ke, waɗannan ta ina muka haɗa jini da su? Tun kafin a haife ki nake gidan nan, ban taɓa ganin ko ɗaya a bikinmu ba.”

Muna cikin haka sai ga ƙawar Gwaggo, wata tsohuwar nas daga Wusasa, ta shigo tana dogara sanda. Ba addininmu ɗaya ba, amma ta fi wasu danginmu sanin hanyar ɗakin nan. Ta ajiye min leda a cinya, cike da huluna da safa na jarirai. Ta ce, “Jiya na gama saƙa su, 'yata. Yanzu wa zan ba?” Ni da na daure tun safe, a nan hawaye suka ɓalle min.

Wadda ta tayar min da hankali ita ce wata dattijuwa da ta zo dab da magariba. Ta zauna sosai irin zaman mai haƙƙi, ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce wa Inna, “Hajiya, mu ne surukanku na Ƙofar Gayan. 'Yarku ta sauka lafiya ranar Lahadi, an samu namiji. Da ta ji rasuwar gwaggonta ta ce sai ta zo, ni na hana, jego ɗanye ne. Suna dai Lahadi mai zuwa. Mun san kuna cikin makoki, amma ai ba a rasa mai leƙowa ba. Malam maigidana ma zai zo ranar sadakar uku ya gai da baffanta. Ya ce kunya ta ishe shi, har yau bai san surukinsa ba.”

Inna ta ce, “Allah Ya raya,” ta zuba min ido.

Na san yarinyar. Ba 'yarmu ba ce ko kusa, kuma ba ta da kowa a Zariya. Gwaggo ce ta shiga gidan mijinta ta ce ita 'yar'uwar ubanta ce, ta yi alkawarin kawo kayan barka ranar suna. Idan aka gano dangin na aro ne, kayan kuma na taimako ne, yarinyar nan ta shiga uku, gori zai bi ta a gidan har ɗan nata ya yi gemu. Baffan da za a zo gaisarwa kuwa Baba ne, mahaifina, tsohon magatakardan kotu, mutumin da ko cewa ka yi “Miyar ta yi daɗi?” sai ya faɗa maka gishiri ya yi yawa.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane yadda muka shiga wannan hali.

Gwaggo dillaliya ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta, aka ba ta ɗakin da ke kusa da zaure. Uku ta haifa, uku ta binne, ba ta kuma son a tayar da zancen. Da ƙunshinta a ka ta san kowane lungu na birnin nan, ta shiga gidan mai shi ta shiga gidan marar shi. Saboda haka ta san inda aka yaye yaro aka cusa bahonsa ƙarƙashin gado, ta kuma san inda ciki ya tsufa ba a tanadi ko tawul ba. Abin da ta yi bai wuce ta haɗa waɗannan gidaje biyu ba tare da sun san juna ba.

Roƙo ba ya ba ta kunya muddin ba don cikinta ba ne. Tana cikin cinikin atamfa sai ta leƙa bayan ƙofa ta ce, “Hajiya, wannan bahon ya gama aikinsa a gidan nan, ko kina shirin ƙaro wani ne a wannan shekarun naki?” A yi dariya, ta fita da baho. Da matan Islamiyyarsu suka kafa ƙungiyar tara wa masu jego kaya, ba su da ofis sai ɗakinta. Riguna, zannuwan goyo, majanyi, sabulu, man shafawa, gidan sauro, duk nan ake jibgewa, har wurin shimfiɗa sallayarta ya zama ɗan tsurut.

Amma ba komai take karɓa ba. Takan ce, “Abin da ba za ki sa wa jikanki ba, kar ki kawo min.” Wata matar babban ma'aikaci ta taɓa aiko direba da buhu guda na tsofaffin kaya, wasu sun yage, wasu ba a ko wanke ba. Gwaggo ta hau Keke da kuɗinta ta mayar da buhun har falon matar. Ta ce, “Hajiya, kin manta tsummokaranki a ɗakina, na ce kar ki neme su ki rasa.” Bayan kwana biyu sai ga direban ya dawo da sababbi fil a leda. Bakin Gwaggo ke nan. Ba kowa ya sha da daɗi ba, ni ma ban tsira ba. 'Yata tana wata huɗu na nemi gidan sauronta sama ko ƙasa na rasa. Da na yi magana Gwaggo ta ce, “Ke da kike da raga a taga? Na kai inda sauro ya fi yunwa.” Na yi fushi na kwana biyu, ita ko a jikinta.

Ranar da ba ta fita talla, wanki take. Ta wanke kayan tas, ta goge da dutsen guga na gawayi, ta turara su har sai ƙamshi ya kama. Sannan ta zauna haɗi, a nan ne kuma gwanintarta take. Ba ta taɓa ba mata biyu kaya iri ɗaya ba. Cikin kowane ƙunshi sai ta sa ƙullin yajin jego, da kanwa, da 'yar daddawa da kuka, da turmin atamfa ko da mai araha ce don fitar suna. Ta zuba su a kwalla, ta ɗaure da ɗankwali. Wanda ya gani zai rantse daga ɗakin uwar mai jego aka fito da su.

Dalilinta duk macen garin nan ta san shi. Ranar suna ba jariri kaɗai ake zuwa gani ba. Dangin miji suna zaune, ana baje abin da dangin mai jego suka kawo, ana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka kawo wa ta yi ta ɗaga kai. Wadda ba a kawo wa ba, ko ba a ce mata komai ba ta ji a jikinta, balle ba a rasa mai cewa. Na taɓa tambayar Gwaggo me ya sa take wahalar da kanta haka. Ta ce, “Na taɓa zama mai jego, na san idon mata.”

Babban faɗanmu da ita, laifina ne, kuma zan faɗe shi yadda yake. Mu ma a wurin aiki muka kafa tamu ƙungiyar, mu matan ofis. Muka tara kaya masu kyau, katan-katan na famfas, da bahuna launi ɗaya, muka buga sunan ƙungiya ɓaro-ɓaro a jikin jakunkuna. Ni ce sakatariya, kaina ya yi girma. Na karɓi sunayen mata goma sha biyu a wurin Gwaggo, na ce mata za mu kai musu. Ban gaya mata taro za mu yi ba. Muka jera su a kan benci, kowacce ta rungumi jakarta, muka ɗauki hoto muna murmushi, na sa a waya duniya ta gani.

Duniya kuwa ta gani. Ƙanwar mijin ɗaya daga cikinsu ta ga hoton, ta kai wa uwarsu. Kafin yamma an ce matar ɗansu ta je bara da cikinta, ta zubar musu da mutunci a gari. Ba don mai unguwa ya sa baki ba, da ta bar gidan.

Gwaggo ta kira ni ɗakinta, ta rufe ƙofa. Ta ce, “Wa ya aike ki?”

Na ce, “Gwaggo, masu bayarwa suna son su ga shaida. Haka ake yi yanzu ko'ina.”

Ta ce, “Shaida! Kun ba ta sabulu kun tsiraita ta. Da kin bar ta da dattinta ai da ya fi mata. Karatun naku bai koya muku cewa mai karɓa ma tana da suruka ba?”

Na ce ai niyyarmu alheri ce. Ta ce, “Niyyarki na wurin Allah, ita kuma tana gidan miji. Tashi ki fita.”

Mako biyu in na gaishe ta sai ta ce “Lafiya” ta juya kai. Abin ya dame ni ƙwarai, don a hannunta na tashi, ita ta yaye ni. Ranar da ta huce ba ta ce ta huce ba. Aike ta yi in zo da sauran jakunkunan. Muka zazzage su, ta rarraba kayan, ta musanya bahunan da na wasu gidaje don kar launi ya tona asiri. Ta ce, “Kayan dangi ba sa zuwa iri ɗaya, kowa da ƙarfinsa.” Na ce to shaidar fa? Ta tura min baho da ƙafa ta ce, “Ɗauki hoton wannan ki kai musu. Baho ba shi da suruka.” Tun daga ranar duk abin da ƙungiyarmu ta tara ɗakinta yake zuwa, ni kuma na zama 'yar rakiya. A haka na ga yadda take yi. Ta yi sallama gidan da ba ta san kowa ba, ta zauna a tabarma, ta ce ita ce gwaggon mai jego, har ta yi wa miji faɗa idan ta ga itacen wanka bai isa ba.

Ita wannan yarinya ta Ƙofar Gayan a wurin awon ciki Gwaggo ta tsince ta, tana zaune ita kaɗai a ƙarshen layi. 'Yan bindiga ne suka tashi ƙauyensu, iyayenta ba su fito ba. Wata maƙwabciya ta riƙe ta har ta yi aure, daga baya ita ma ta bar gari. Mijin mai wankin hula ne, yana sonta, amma a gidansu suke zaune cikin 'yan'uwansa, an kuma fara kiranta “wadda ba ta da mafaɗi”. Gwaggo ta ji wannan, washegari ta yafa mayafinta mai kyau ta tafi. Ta ce musu sai yanzu ta samu labarin inda 'yar ɗan'uwanta take, kuma duk mai magana da yarinyar nan ya san tana da gida a cikin birni. Daga ranar aka sauya mata zama.

Baba bai taɓa yarda da wannan hanya ba. Kayan ba su dame shi ba, shi da kansa yakan sayo sabulu ya ajiye mata a ƙofa. Ƙirƙirar dangantakar ce ba ya so. Yakan ce, “Yaya, nasaba ba abin wasa ba ce. Ki ba su don Allah, ki ce don Allah ne.” Ita kuma ta ce, “Alƙali, ni na goya ka, ba za ka koya min tsoron Allah ba. In ƙarya ce ni zan ɗauka, ba kai ba.” Shekara da shekaru suna wannan, ba wanda ya ja da baya.

To ga shi ta tafi ta bar masa.

Ranar Laraba da safe, kafin masu gaisuwa su taru, na same shi a ɗakinsa na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama, idonsa jawur. Ya ce, “Kayan da ta haɗa ku kai, haƙƙin yarinyar ne. Amma ni ba zan yi ƙarya a kan tabarmar makokin yayata ba.”

Na ce, “Baba, ba sai ka ce komai ba. Ka amsa gaisuwa kawai.”

Ya ce, “In ya tambaye ni fa?”

Zan sake roƙonsa, ya ɗaga min hannu. Ya ce, “Tashi ki je, mutane na jira.”

Na fito. Na ji haushinsa, na ji haushin Gwaggo da ta ƙulla abin da ba za ta tsaya ta kwance ba, sannan na ji kunyar jin haushin mamaci. Na yi tunanin in aika wa tsohon cewa Baba ba shi da lafiya. Inna ta ce, “Yau ki hana shi, gobe fa?”

Ranar Alhamis aka yi sadakar uku. Bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, sai aka ce ga baƙo daga Ƙofar Gayan. Na ɗauki kwanon gumba na tsaya bayan ƙofar zaure ta ciki, kamar mai jiran wanda zai karɓa. Laɓe na yi, ba zan ɓoye ba. Tsohon ya yi ta'aziyya, ya yabi marigayiya, ya ce tun da ta fara zuwa gidansu ya ga surukarsa ta yi ƙiba ta saki jiki. Sannan ya gyara murya.

Ya ce, “Allah Ya gafarta Malam, ka yi haƙuri da tambayar. Ita Hajiya marigayiya ba mu samu zama da ita sosai ba. Yaran gida suna ta 'yan maganganu, wai ba su ga kama ba. Na ce bari in ji daga tushe. Yaya kuke da yarinyar nan?”

Baba ya ja carbinsa har na ji ƙararsa. Na manna kwanon a ƙirji don kar murfin ya yi ƙara.

Can ya ce, “Malam, yayata ta ce 'yar ɗan'uwanta ce. Ɗan'uwa kuma ni kaɗai Allah Ya bar mata. Ban haifi yarinyar nan ba, amma ga ka ga waɗannan bayin Allah, ku shaida, 'yata ce. In ta yi muku laifi nan za ku kawo ƙara. In kun yi mata, nan za ta zo, kuma zan bi kadi.”

Tsohon ya ce, “Alhamdu lillahi. Ai shi ke nan, Malam, magana ta ƙare. Dama ɗan ɗan'uwa ɗa ne.”

Baba bai ƙara masa bayani ba, shi ma bai nema ba. Na koma cikin gida da kwanon gumbar ban miƙa wa kowa ba. Inna ta ce me ya faru, sai na fashe da kuka.

Ranar Lahadi ni da Inna da ƙannena mata biyu muka cika Keke biyu. Kwallar da Gwaggo ta haɗa tun kafin ta kwanta tana nan a ɗaure, ba mu taɓa ta ba. Baba ya ƙara da turmin atamfa da ya aika aka sayo a kasuwa, ya ce a ce daga baffanta. Aka baje kaya a tsakar gida, mata suna ɗagawa suna sa albarka. Mai jego tana zaune a bakin gado, ba ta san abin da aka yi a zaure ba, sai kallona take da ido a tsorace. Na matsa kamar zan gyara mata ɗankwali na ce, “Kwantar da hankalinki, Baba ya ce yana gaishe da 'yarsa.”

Da ta yi arba'in, sai ga ta da hantsi, ta sha lalle, ɗan a baya. Al'ada ce mai jego ta zaga gidajen danginta ta nuna musu jariri, ita kuwa gida ɗaya gare ta a duk faɗin Zariya. Ta tsaya a ƙofar zaure ta yi sallama, ta kasa shigowa. Baba yana zaune a kan buzunsa yana karatu. Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, wannan ne ganinsu na farko.

Ya ce, “Wace ce?”

Ta durƙusa ta ce, “Ni ce ta Ƙofar Gayan.”

Ya rufe littafin ya ce, “Shi ne kika tsaya a waje kamar baƙuwa? Sauko min da mutumin nan in gan shi. Ki shiga ciki, uwarki ta ajiye miki ɗumame.”

Ya karɓi yaron ya yi masa addu'a, ya daɗe yana kallonsa, hawaye yana bin gemunsa. Ranar rasuwa ban ga ya yi kuka ba, ranar uku ma haka. Ita kuma ta wuce ciki, ta wuni, ta yi barcin rana a gadon Gwaggo.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata kaifin baki da duk abin da ta ce za ta ɗauka ita kaɗai. Yadda ta rufa wa bayinsa asiri a gidajen mazajensu, Allah Ya rufa mata nata ranar da ba wanda zai iya cewa shi dangin wani ne.